'Ya'yan Da Ban Haifa Ba Tukuna

Jama'a, kafin ku ce Marka ba ta da kunya, ku bari in gaya muku yadda maza biyu da tsohuwa ɗaya suka zauna a tsakar gidanmu suna rabon 'ya'yana, alhali ko lalle ba a sa mini ba.

Ni ce Marka, 'yar Malam Ɗan'auta. Ƙauyenmu yana tsakanin Gammo da Kabo, ɗan mitsitsi ne, in kana bisa keke ka yi atishawa sai ka wuce shi ba ka sani ba. Asalinmu Maguzawa ne. Babana ne ya fara bin Turawan mishan a duk danginmu, ya koyi karatu, ya zama mai bishara, ya gina majami'ar ƙasa mai rufin ciyawa a bayan gida. Daga nan muka zama mutanen tsakiya. Dangi suna ce mana 'yan Bature. Mutanen cikin gari suna gaishe mu da fara'a, amma kowa ido ya zuba ya ga inda wannan sabuwar hanya za ta kai mu. Shi ya sa Baba ya fi tsoron a nuna gidansa da baki a kan ya taka maciji.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku. Cikin waɗanda suka dawo da ransu har da Sajo.

Sajo mutumin Kutama ne, tela a kasuwar Gwarzo. Dogo, baƙi, ga wushirya, kuma ko rana za ta narka dutse ba ya rabuwa da tsohon takalminsa na soja. Ɗinkin rigar Kirsimeti ne ya haɗa mu. Na miƙa masa yadi, na tsaya ina jira ya ɗauko abin awo, sai ya ce, "Je ki, ba sai na auna ba." Na ce a raina, yau yadina ya halaka. Ranar da na karɓo rigar na sa, sai ta zauna mini cif kamar a jikina ta tsiro. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan telan ya daɗe yana kallo."

Gwaggo yayar Baba ce. Ita ba ta bi mishan ba, ba ta kuma shiga Musulunci ba, tana nan a kan abin da ta tarar iyayenta suna yi. Tana sayar da daddawa a kasuwar Gwarzo, tana dafa giya a bayan danga, abin da ke hana Baba sakat. Ku kuna da waya a tafin hannu, mu Gwaggo ce wayarmu, kuma waya ce mai ƙarin gishiri.

Wata ranar kasuwa ta dawo, ta sauke ƙwaryarta, ta yafito ni.

"Telanki ya ce ya yi mafarkinki, kina tsaye a cikin gero kina masa dariya."

"Don Allah Gwaggo, da gaske?"

"A'a. Cewa ya yi ran Asabar zai zo gaida ubanki. Na ji saƙon lami ne, na gyara masa."

A ido, Sajo ba shi da makusa a wajen Baba. Yana yaro ya yi makarantar mishan a Kabo, an yi masa baftisma, ya iya waƙoƙin sujada fiye da masu koyar da su. Ga sana'a, ga keken hawa, ga keken ɗinki. Matsala guda ce tal: tun da ya dawo daga yaƙi ba wanda ya ga ƙeyarsa a majami'a. Na sani, Inna ta sani, Baba ma ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Ran Asabar tun da hantsi gida ya ɗauki harama. Damina ce, an yi fari har gero ya fara naɗe ganye, sai shekaranjiya aka sheƙa ruwa, ƙasa tana ta ƙamshi. Inna, wato mahaifiyata Dela, ta sa aka yanka zakaran da ya fi kowa rashin mutunci a gidan, ta dama fura da nono a sabuwar ƙwarya, ta yi dambun zogale. Ni kuma na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na sa rigar nan da ya ɗinka mini, na zizara kwalli, na ari murjanin Inna, na kafa ɗaurin ɗankwali har yana neman taɓo rufin ɗaki. Duk wannan kwalliyar don me? Don in je in laɓe a bayan zana ina tsinkar zogalen da ba a buƙata. Haka ake yi, budurwa ba ta zama inda ake maganar aurenta. Ana dai barin zanar da ɓula.

Baba ya fito cikin farar rigarsa ta Lahadi, Littafi a hammata, ya ɗora tabaraun da wani Bature ya ba shi. Tabaraun nan ba ya gani da shi, ta samansa yake leƙo mutum. Amma duk ranar da ya sa shi, to magana mai nauyi ce.

Bayan azahar muka ji ƙararrawar keke. Sajo ya jingine shi a bakin zaure, ya cire takalmin nan, abin da ban taɓa gani ba, ya shigo ya durƙusa. Riga fara ƙal ya sa, ta sha guga har tana iya tsayuwa ita kaɗai.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai, Sajo. Ka zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya hanya? Ya mutanen Kutama? Ya tsofaffi?"

"Suna gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya kasuwa? Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba."

Suka gaida gona, suka gaida awaki, saura kaɗan su gaida keken ɗinki. Gwaggo, wadda ba wanda ya gayyace ta, ta jawo turmi ta kife ta zauna a gefe tana taunar goro. Baba ya harare ta ta saman tabarau. Ta tofar da tuƙa ta gyara zama.

Da aka sha fura, Baba ya yi gyaran murya.

"Sajo, na san ka tun kana yawo da allon makaranta. Maganar da ta kawo ka ta iso ni, ban ƙi ta ba. Sai dai an ce tun da ka dawo ba a gan ka a sujada ba."

"Gaskiya ne, Baba."

"Ko ƙafa ce? Na ji sojoji da yawa sun dawo da ciwon ƙafa."

"Ƙafata lafiya lau."

"To aiki ne ya yi yawa. Tela ba shi da hutu."

Ku lura da kyau, ƙofa Baba yake buɗe masa, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi 'yar ƙarya ƙarama, mai tsabta, kowa ya huta, a sa rana. Ina bayan zana ina cewa a raina, ka ce aiki ne, ɗan baƙin taurin kai, ka ce aiki ne!

Sajo ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba na so in fara shiga gidanka da ƙarya a bakina. Ni yanzu ban sani ba ko akwai Allah."

Faifan da ke hannun Inna ya faɗi. Zogale ya watse, kaji suka yo kansa, ba wanda ya kore su.

Abin mamaki, Gwaggo ce ta fara zabura. "Kai! Kai yaro, rufe bakinka! Ko mu da ake kira arna mun san da Allah. Nisa ne dai ya yi mana, shi ya sa muke bi ta hannun iskoki. Wannan wace irin giya aka ba ku a Bama?"

Baba ya ɗaga mata hannu. Na ga jijiyar wuyansa tana harbawa, amma muryarsa a kwance. Ku san fa mutumin nan wa'azi ne abincinsa, an kawo masa tuwo har gida.

"Ba ka sani ba. To, ruwan shekaranjiya wa ya saukar da shi? Gero ya fara mutuwa. Muka taru a majami'ar nan, muka yi azumi, muka durƙusa har gwiwa ta yi kanta. Ga shi ka zo da taɓo a tayar kekenka."

"Af!" in ji Gwaggo. "Wato jar kazar da na yanka a gindin tsamiya a banza ta mutu? Ran Laraba na yanka, ran Alhamis aka yi ruwa. Ku kun fi mako kuna ihu ba ko yayyafi."

"Yaya, ba da ke nake ba."

"Da ruwana kake."

Sajo ya ce, "Mutanen Gwarzo ma sun fita roƙon ruwa, Baba, liman a gaba, yara da tsofaffi a baya. Su ma sun ce nasu ne. Ban ƙaryata kowa ba. Amma a Bama ruwa ake yi wata da watanni ba wanda ya roƙa. Mu roƙo muke ya tsaya, da Kirista da Musulmi da masu yaren da ba mu ji, har fatar ƙafarmu ta dinga saɓulewa a cikin takalmi. Bai tsaya ba."

"To ƙwayar gero guda da kake jefawa a rami ta dawo maka da zangarniya, kai ka koya mata? Rana da wata, kai ka ɗinka su?"

"Ban ce babu ba, Baba. Cewa na yi ban sani ba."

"Me ya raba ka da sani? Da ka sani ai."

Sajo ya murza hularsa. Da ya buɗe baki, muryar ba irin wadda yake tsokanata da ita a kasuwa ba ce.

"Mu uku ne a rami ɗaya. Musbahu a damana, mutumin Kabo, ko ana wuta ba ya barin salla ta wuce shi. A haguna wani yaro daga ƙasar Jos, kullum da ɗan Littafinsa a aljihu. Da harbi ya yi tsanani kowannensu ya kama addu'a. Ni kuwa, Baba, in gaya maka gaskiya, biskit na sata a jakar Musbahu ina ci, don na ce in mutuwa ce kada ta same ni da yunwa. Abu ya faɗo. Da ƙura ta lafa, ni kaɗai ne na tashi, da biskit ɗin a bakina. In akwai mai zaɓe, me ya gani a jikina?"

Gwaggo ta daina tauna goro.

Baba ya ce, "Ni ban ce na gane aikinsa ba, Sajo. Shekarar sanƙarau da hannuna na binne 'yata Sa'a, washegari na tsaya na yi wa'azi. Ba don na gane ba. Don in na sake shi ban san abin da zan kama ba."

A nan ne zogale ya fara yi mini duhu-duhu a ido. Sa'a ƙanwata ce, tabarma ɗaya muke kwana. Da wuyanta ya sanƙare, ni na riƙe mata kai. Na yi addu'a irin wadda ban taɓa yi ba, na yi alkawari, na yi ciniki, har na ce a ɗauke ni a bar ta. Ta mutu a cinyata tana neman ruwa. Tun daga ranar wani abu ya kwance a cikina. Ina zuwa sujada, ni ce ma mai ba da waƙa a cikin 'yan mata, amma sau da yawa baki ne kawai yake aiki. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wa ma ya tambaye ni? 'Yar mai bishara ai da imaninta ake haihuwarta, kamar yadda ake haihuwar ɗan akuya da gashi.

Baba ya share fuska ya gyara tabarau.

"To, bar maganar ranka, tsakaninka da shi ne, ni zan ci gaba da yi maka addu'a ko kana so ko ba ka so. 'Ya'ya fa? Jikokina a wane irin gida za su tashi?"

"Gidan Kirista, Baba. Duk Lahadi ni zan ɗora su a keke in kai su majami'a. Ba za a ci tuwo a gidana ba a yi addu'a ba. Kayan Kirsimeti kuwa, ko 'ya'yan Hakimi ba za su fi su ba."

"Kai kuma kana ina lokacin da suke ciki?"

"Ina gindin bishiya ina jiransu."

"Yaro ƙafar ubansa yake bi, ba bakinsa ba. Ranar da ɗanka ya ce, Baba, kai me ya sa ba ka shiga, ka ce masa me?"

"In ce masa ban sani ba, ya shiga ya ji da kunnensa, wataƙila shi ya sani."

"Ka ji! Ka dasa masa ƙaya tun yana tatata, sannan ka turo mini shi in cire!"

Gwaggo ta kwashe da dariya har tana buga cinya. "Auta, Auta! Kai wa ya dasa maka taka ƙayar? Ba a gaban tsafi babanmu ya tashe ka ba? Bai rataya maka layu har wuyanka yana rinjaya ba? Bai yanka maka baƙin bunsuru da kake ciwon shawara ba? Ka girma, ka ji Bature yana waƙa da hanci, ka dawo ka tara layun tsoho ka cinna musu wuta yana kallo. Ƙafar wa ka bi?"

"Ni haske na gani."

"Shi ma wannan wani abu ya gano. Ku tashi yaro a majami'a ko a gindin tsamiya, in ya yi gemu inda ya ga dama zai nufa."

Baba ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Da ya buɗe, na ga fuskarsa ta washe irin ta wanda ya tsinci mafita, ni kuwa na san irin mafitar Baba.

"Sajo, na ji daɗi da ba ka yi mini ƙarya ba. Zan ba ka Marka. Amma da sharaɗi. Duk ɗan da kuka haifa, ranar da aka yaye shi a kawo mini shi nan. Ni zan riƙe shi, ya tashi a gindin majami'a, sai ya yi baftisma ya koma muku. Riƙon jika ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan."

"In mace ce ta fari tawa ce," in ji Gwaggo. "Ina neman mai taya ni daddawa."

"Ba za a kai mini jika gidan giya ba!"

Na zuba wa Sajo ido ta ɓular zana. Na ce yanzu sojan Bama zai miƙe ya nuna musu. Sai na ga ya sosa ƙeya, ya dubi sama, kamar mai lissafin yadi.

"Duka dai, Baba? A yi mana sassauci. Na fari da na biyu naka. Na uku a bar mana."

"Na uku ma nawa. Daga na huɗu ma yi magana."

"To in tagwaye ne fa?"

Jama'a, tagwaye! Ban san lokacin da na ture zanar ba. Sai ga ni tsaye a tsakar gida, da ɗaurin ɗankwalina da ganyen zogale a zane, Inna tana jan gefen atamfata tana cewa, "Ke! Ke Marka!"

"Wa zai haife su?" na ce.

Duk suka ɗago.

"Tambaya nake. Wannan na fari da na biyu da tagwayen, a cikin wa za su kwanta? A kasuwar Gwarzo ko akuya ake ciniki ana duba bakinta. Ni ba wanda ya ko waiwayo ni."

"Marka, koma ciki," in ji Baba.

"Ka yi haƙuri Baba, ba zan ba da ɗa ko ɗaya ba. Ba kai ba, ba Gwaggo ba. Wanda na haifa a bayana zai kwana."

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba tun da nake. Na ɗauka zai daka mini tsawa. Sai ya yi murmushi, irin na mai wa'azin da ya tuna da babbar hujjarsa a aljihu.

"To madalla. Tunda kin fito, tsaya. Sajo, dubi wannan. Ni na tashe ta, a gidan nan, da addu'ar safe da ta yamma. Ita ce amsar da zan ba ka, kai da Yaya. Marka, gaya masa abin da kika gaskata. Ya ji daga bakinki."

Kun ga ni ma ƙofa aka buɗe mini. Kalmomin suna nan a kan harshena, na haddace su tun ban iya ɗaura zane ba. In na zubo su, Baba ya yi nasara, Sajo ya yi shiru, wataƙila ma a janye sharaɗin. Ni da na gama zagin Sajo a raina don ya ƙi yin 'yar ƙarya mai tsabta. Na buɗe baki. Sai na ga idon Baba ta saman tabarau, cike da yarda da ni, na kasa.

"Baba," na ce, "tun da Sa'a ta rasu ban san inda nake ba. Wani lokaci in ina addu'a sai in ji kamar ana saurare na. Wani lokaci rufin ciyawa kawai nake gani. Waƙar da nake bayarwa ran Lahadi, rabinta baki ne."

Tsit. Har kajin sun bar tsattsaga.

Kun san wanda ya fara magana? Sajo. Ya zaro ido kamar an ce kekensa ya ɓata.

"Ke ma? Haba Marka! Ni da na sakankance ke za ki riƙe musu wannan ɓangaren!"

Wallahi da muciya tana kusa da sai na gwada ta a kansa.

"Au, haka ne? Wato kai ka miƙe ƙafa a inuwa da ban-sani-ba ɗinka, ni in ɗauki imanin gida duka a ka kamar tulu, in kawo maka ka ɗan kurɓa ranar da ka ji ƙishi? Matar aure kake nema ko majami'a mai dafa tuwo?"

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ita kaɗai ce ta ji daɗin ranar nan.

Baba ya cire tabaraun a hankali ya ninke. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai a lokacin. Bai dubi Sajo ba, ni ya duba.

"Shekara da shekaru ina bin ƙauyuka ina neman ɓatattu," ya ce, "ashe da guda nake cin tuwo. Me ya hana ki gaya mini?"

"Ba ka tambaye ni ba, Baba. Kuma na ga kai ma da ƙyar kake tsaye."

Ya ce, "To in kin riƙe su a bayanki, me za ki koya musu?"

"Abin da ka koya mini. Waƙoƙin, da addu'ar, da kada su yi ƙarya ko za ta fisshe su. Zan kawo su sujada, in shiga tare da su, ba a gindin bishiya zan tsaya ba. Ban daina nema ba, Baba. In sun yi tambayar da ta fi ƙarfina in turo maka su. Amma da yamma su dawo gida."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki Littafinsa ya shige ɗaki ya saki labule. Sajo ya yi ta durƙuso yana sallama ga labulen, ba amsa. Ya fita ya sa takalmansa, ya tura kekensa da hannu, ko hawa bai yi ba. A bakin zaure ya waiwayo kamar zai ce wani abu, na galla masa harara, ya haɗiye.

Muka kwashe kwanuka ni da Inna. Sai da muka kai gindin murhu, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ke kaɗai kika yi rashin Sa'a? Wasu sun iya riƙe bakinsu." Ta ci gaba da kankare tukunya. Na tsaya ina kallon bayanta, na rasa ko faɗa ta yi mini ko asirinta ta ba ni.

Baba bai ci tuwo ba ranar.

Washegari Lahadi. A ƙauyenmu ba mu da ƙararrawa, wani guntun ƙarfen mota ne a rataye a reshen ɗorawa, Baba yake bugawa da kansa don tara mutane, bai taɓa bari wani ya taɓa masa ba. Rana ta fito, ta ɗaga, shiru. Maƙwabta suka fara leƙe ta kan danga. Ina shara sai na ga inuwa a gabana. Baba ne, da farar riga, ba tabarau, idanunsa jajur. Ya miƙo mini sandar ƙarfen.

"Je ki buga."

"Ni, Baba?"

"Ke. Na aika a kira Sajo tun da sassafe. A gaban jama'a na ɗauki aikin nan, a gabansu zan faɗi abin da na yanke a kanku, da kuma a kaina."

A kansa? Ban samu bakin tambaya ba, ya juya.

Na je gindin ɗorawa. Na buga sau ɗaya, ƙarar ta ratsa ni har haƙori. Na sake bugawa. Mutane suka fara fitowa daga cikin gero, mata da goyo, maza da huluna a hannu, kowa yana kallon wadda ke riƙe da sandar. Can na hango Sajo a kan hanyar Gammo yana taka keke kamar ana bin sa. A bayan mutane kuma, sanye da baƙin saƙinta na zuwa biki, tana dogara sanda, Gwaggo ce, matar da tun da aka gina majami'ar nan ba ta taɓa taka ko inuwarta ba.

Ta zo daidai ni ta tsaya, ta tofar da goron bakinta, ta goge leɓe da gefen zane.

"Matsa in wuce," ta ce. "Ƙanena zai yi magana, kuma yau ba na jin daga Littafi zai karanto ta."